Kamfanin ne ubangidana ko asibitin?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum. Na samu aikin gadi a wani asibitin kuɗi nan cikin Katsina, amma kamfanin tsaro ne ya ɗauke ni. A takardar da zan sa ma hannu ran Litinin, an kira kamfanin "employer", asibitin kuma "client". Wanda ya kai ni "agent" yake kiran kanshi, yana neman dubu 20. Wane ne ubangidana a cikinsu? In sa hannu?

Na Kusugu: Allah ya sanya alheri. Ka riƙe aiki da gaskiya kawai.

Malamin Turanci: "Employer" shi ne wanda kuka ƙulla yarjejeniya da shi, yake biyan ka albashi. Kai ne "employee", kada ka juya su. "Boss" oga ne mai ba ka umarni, wataƙila shi ma ɗan albashi ne. "Agent" ko "recruiter" kuwa dillali ne, da ya haɗa ku ya gama.

Tsohon Maigadi: Yaro, saurara. Shekara 6 na yi a bakin ƙofar wata ma'aikata. Manaja ya aike ni cefane, in wanke mashi mota, in ɗauko yara daga makaranta, duk "oga" nike ce mashi. Ranar da ƙofar ƙarfe ta karya mani hannu, sai ya ce ba shi ya ɗauke ni ba, in nemi kamfanina. Na je ofis ɗin, na iske kwaɗo. Akuyar matata muka sayar aka yi ɗori. Har yau hannun ba ya ɗaukar bokiti.

Uwar Biyu: Innalillahi! Allah ya saka maka, Baba. Dubu 20 kuma ta yi yawa, ƙanena dubu 5 ya ba ejan.

Direban Jibiya: Dubu 5 a ina, Hajiya? Ni rabin albashin farko aka cire mani.

Na Kusugu: Ni dai "employer" ɗina uwargida ce, albashi na shigowa take karɓe shi.

Malamin Turanci: Baba, dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinshi a rubuce kafin wata 3 su cika. Da ka nemi takardar.

Tsohon Maigadi: Malam, kai allo ka sani, ni na kwana cikin sanyin hunturu. Takarda ta taɓa biyan mai ɗori?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Don Allah, in sa hannun ko in bari?

Direban Jibiya: Tambaye su fansho tukuna. Doka ta ce kamfani ya zuba kashi 10, a cire 8 daga naka. Namu an yi shekara 2 ana cirewa, da na duba asusun ban ga ko sisi ba.

Uwar Biyu: Ku kuna ma da asusu. Maigidana wata 4 ke nan ba albashi, kuma ko mafi ƙarancin albashi na dubu 70 ɗin da aka sa ma hannu a 2024 bai taɓa gani ba.