Anko ne ke cinye mana kaka? Muhawara a zauren zumunta

Kawu Isyaku: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga hoton atamfar da aka saka jiya ta ankon bikin Hauwa'u, Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya. Amma zan faɗi abin da ya daɗe yana cina, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri. Anko shi ne babban abin da ke cinye kuɗin kaka a dangin nan, kuma ni a ganina a soke shi gaba ɗaya. Da an ɗaure gero an kakkaɓe riɗi sai bukukuwa su taso a jere kowa na son ya yi kafin azumi, kowane biki da ankonsa, na kamu daban na wuni daban, yanzu har suna an fara fitar masa da anko. Kuɗin nan kuma daga rumbu yake fitowa.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Yaya Isyaku ni na fitar da atamfar nan kuma ban ɗora wa kowa wuƙa a wuya ba. Dubu goma sha huɗu ce, ka je Kantin Kwari da kanka ka taya ka ji.

Kawu Isyaku: Rabi ban ce kin cuci kowa ba. Maganata a kan al'adar ce.

Auwalu: Kawu ina bayanka. Mu yi lissafi a fili. Turmi 14,000, ɗinki a ce 4,000, ga mayafi wanda zai shiga da ita tunda ba za a yafa tsoho a kan sabuwa ba, ga takalmi in an samu hali, kafin ka ankara mace ɗaya ta haura dubu 25. Mai mata biyu da 'yanmata biyu fa? Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kenan biki ɗaya ya lashe albashin wata har da ƙari, kuma yawancinmu ma ba albashin muke da shi ba.

Maman Sadiq: Auwalu ka yi lissafin ka bar ɗaya. Sau nawa a shekara ake yi wa matar ƙauye ɗinki in ba sallah ba? Dan Allah ku faɗi gaskiya tsakaninku da Allah. Akwai matan da ko na babbar sallah ba a yi musu, sai a ce na ƙarama ai bai tsufa ba. Ankon nan da kuke gani shi ne hanyar da da yawanmu muke samun sabon zane, saboda in ka ce wa maigida zanena ya mutu sai ya ce bari a sayar da gyaɗa, gyaɗa ta tafi ya ce bari a ga wake, amma in aka ce anko ne na 'yar ƙanwarsa kunya za ta sa ya fito da kuɗin ranar. Kuma ba a ranar biki ake yar da shi ba, da shi za ki je awo, da shi za ki je barka da gaisuwa, in ya kwana biyu ya koma na zaman gida, in ya mutu a yi goyo da shi. Ina asarar take?

Anti Rabi: Allah ya yi miki albarka. Faɗa musu.

Habu Tela: Salam. Ni kayan nan ta hannuna suke bi, bari in ce wani abu. Maman Sadiq maganarki gaskiya ce in atamfar ta kirki ce. Amma kaso mai yawa na ankon da ake kawo min 'yar roba ce, ina ɗora dutsen guga sai ta fara ƙanƙancewa tana ƙyalli, allura ma zamewa take a kai. Wanki biyu ta zuba, na uku ta koɗe, ga zafi a jiki lokacin bazara. Dalili kuwa mai fitar da anko araha take nema dan kowa ya iya saya, ta kuma ɗora ribarta a kai. To kin ga wadda ta yi irin wannan guda huɗu a shekara da ta haɗa kuɗin ta sayi mai auduga guda biyu da sun fi yi mata lasti nesa ba kusa ba. Ta Anti Rabi dai ban taɓa ba tukuna, ba zan yi mata shaidar zur ba.

Anti Rabi: Habu gobe zan aiko maka da falle ɗaya ka jiƙa a ruwa ka gani da idonka. Maganar riba kuwa eh ina ɗorawa, ban ɓoye ba. Daga nan zuwa Kano kuɗin mota nawa ne tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023? Ga ɗan dako, ga wuni guda cur a cikin Kwari ana turereniya daga wannan layi zuwa wancan, sannan rabin masu ɗauka bashi ne, sai an ci kasuwar Gujungu ranar Lahadi su kawo rabi, sauran sai ka bi har ka gaji ka yafe. Kuma tsadar ba daga ni ba ce. Kayan Kwari yawanci daga Chana suke zuwa, da dala ake sayo su, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati farkon 2023 sai da ta haura 1,500 a 2024. Da masaƙunmu suna aiki da wata magana ake, ta Kaduna KTL da aka buɗe tun 1957 ta rufe a 2002, na Kano ma da yawa sun bi bayanta.

Kawu Isyaku: Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya taɓo inda yake min ciwo, wato lokacin da ake fitar da kuɗin. Da kaka hatsi ya fi kowane lokaci araha saboda kowa ya fito da nasa kasuwa a tare. A wannan lokacin ne za a zo a ce ga anko sati biyu ya rage, sai mutum ya ɗebi gero ya kai Gujungu ya ba 'yan sari a yadda suka taya, su loda shi zuwa Dawanau su ajiye. Damina na tsayawa, wajen watan bakwai watan takwas, rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki ga na 'yan ƙwadago, shi wannan mutumin zai koma awo da tiya a farashin da ya fi wanda ya sayar. Na ga gida a garin nan, ba zan kama suna ba, igiyar shanyarsu cike da atamfofi iri ɗaya da na maƙwabta, amma da marka ta zauna yarinyar gidan ce ke yawo da kwano neman rancen dawa. Wannan ne nake kira cinye kaka.

Maman Sadiq: Kawu Allah ya ba ka haƙuri amma geron da ake sayarwa da kaka duk na anko ne? Maza fa? Shadda yadi goma ta babbar riga, aiki a wuya, hula zanna, ga waya sabuwa, wani ma da riɗi ya yi kuɗi sai ƙarin aure. Ba a taɓa kawo wannan zaure ba sai zanen mace.

Auwalu: Gaskiya nan ta kama mu. Mu ma samari yanzu abokan ango sai sun yi yadi iri ɗaya da hula iri ɗaya, kuma namu ma ya fi muni dan ba ka iya sake sa shi a taro ba tare da an ce ga na bikin wane ba.

Kawu Isyaku: To a haɗa da na mazan, ni ban ware ba. Duk a soke.

Malam Nura: Assalamu alaikum. Kawu da girmanka, ina ganin a rarrabe abu biyu. Ado ba laifi ba ne, a Suratul A'araf aya ta 31 an umarce mu da mu riƙi adonmu a kowane masallaci, mu ci mu sha amma kada mu yi ɓarna, kuma hadisi ya inganta a Muslim cewa Allah mai kyau ne yana son kyau. A Suratul Furƙan aya ta 67 kuma an yabi waɗanda in za su kashe dukiya ba sa almubazzaranci ba sa ƙwauro, suna tsakatsaki. To mai hali in ta yi anko ba ta yi laifi ba. Inda matsala take shi ne tilas ɗin da ba a furtawa. Ba wanda zai ce dole ne, amma wadda ba ta yi ba ba a kiranta hoto, rabon abinci a tsallake ta, gobe a ce ba ta son dangi. Shi ke sa mace ta ci bashi ko ta sayar da akuyar da take kiwo, ko su yi kwana uku ba sa magana da miji. Tufatar da mace kuma haƙƙi ne a kan miji gwargwadon halinsa, bai kamata sai an fitar da anko zai tuna ba, wannan maganar Maman Sadiq mu maza mu riƙe ta.

Anti Rabi: Allah gafarta malam ni ban taɓa tsallake kowa a rabo ba.

Maman Sadiq: Anti ke ba kya yi amma ana yi, ni ganau ce. Sai dai ku duba ɗaya gefen. Ranar da babu anko matan 'yan uwanmu na birni za su sauko da leshi da Super, mu kuma mu fito da na sallar bara, kowa na kallon kowa. Anko shi ke rufa mana asiri, ranar dai ba a gane matar mai kuɗi da matar manomi.

Habu Tela: Ana ganewa fa, a ɗinki da mayafi da sarƙa ake ganewa. Wata ɗinkinta kaɗai ya fi kuɗin atamfar, sai an sa duwatsu an kai Kano an yi aiki.

Auwalu: Ni abin da nake yi wa kaina, ko zai amfani wani. Duk abin da na samu a gyaran waya ina ware wani abu kaɗan na zuba adashe, kwasata na sa ta faɗo wata biyu kafin azumi lokacin da yadi bai tashi ba kuma teloli ba su cika ba. Kala biyu nake yi a shekara, masu ɗan kyau. Na aiki da na gona kuwa gwanjo ne, in na shiga Kano na biya Ƙofar Wambai ranar da aka fasa dila na zaɓa. Tsohuwar farar shadda in ta fara ja ba na yarwa, rini nake kai ta a mayar da ita shuɗiya ko ruwan ƙasa a buga ta, in ka gan ta ka ce daga shago take. Matsalar anko ita ce ba ya shiga wannan tsarin, ba ka san yaushe zai faɗo ba balle ka yi masa tanadi.

Kawu Isyaku: Yawwa Auwalu. Abin da ba ka san ranar zuwansa ba ta yaya za ka yi masa kasafi?

Maman Sadiq: To a riƙa faɗa da wuri mana. Ai ana sa rana wata uku wata huɗu kafin biki, me zai hana a fitar da shi tun ranar sa rana kowa ta riƙa biya kaɗan kaɗan daga kuɗin ƙuli da ɗinkin hula? Mu ma muna da sana'a, ba komai ne sai an buɗe rumbu ba.

Gwaggo Lami: Salamu alaikum, Zainabu ce ke rubuta min. Na sa an karanto min duk abin da kuka ce. Isyaku lokacin da aka kai ni ɗaki ba mu san wani anko ba, kowa da wankakken zanenta ta zo kuma aka yi biki lafiya. Amma in ka ce yau a soke, bikin Hauwa'u za a fara da shi, marainiya ce, uwarta za ta ce dan ubanta ba ya raye ne aka fara a kanta. Wannan ba zan yarda ba. Abin da na gani, anko ɗaya tak a biki, ba na kamu ba na wuni. Suna babu anko. A fitar tun sa rana. Wadda ba ta da halin turmi su haɗu su uku su raba falle falle kowa ta yi ɗankwali ko riga, wadda ba ta da ko wannan ta zo da abin da take da shi, kuma duk wadda na ji ta yi mata gori ni da ita ne. Rabi ke kuma ki rage wani abu.

Anti Rabi: To Gwaggo, an gama. Zan cire ɗari biyar, ƙasa da haka uwar kuɗi zan taɓa.

Malam Nura: Allah ya ƙara girma Gwaggo. Na maza ma a sa a ciki, abokan ango kowa ya sa farin da yake da shi.

Kawu Isyaku: Yaya Lami ba zan ja da ke ba, kuma maganar maraicin Hauwa'u ta shige ni. Amma ra'ayina yana nan, in dai akwai anko ko ɗaya ne akwai wadda za ta ji kunyar zuwa babu shi, gorin kuma ba a gabanki za a yi ba. Bayan bikin nan zan sake tayar da maganar a taron zumunci na sallah, kowa da kowa na zaune, har da mazan da suka yi shiru yau suna karantawa.

Habu Tela: Masu kawo ɗinki dan Allah ku kawo da wuri, in ya rage sati ɗaya ba zan karɓa ba ko na waye, wuta ba ta zama kuma keken ƙafa gare ni. Anti ina jiran fallen gobe.