Shirun minti biyu: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinta daga doguwar muhawararmu kan shirun minti biyu da ake yi a Birtaniya ranar 11 ga Nuwamba, ƙarfe 11 na safe, al'adar da aka fara a 1919, don tuna waɗanda yaƙi ya ci.

1. Galibi sun yarda shirun yana ɗaukar kowa. Mai addini ya yi addu'a a zuci, wanda bai yarda da Allah ba ya tuna kakansa, ba mai tambayar wani. Wani ya ce a tashar jirgin ƙasa ya ga mai shara ya jingine tsintsiya, fasinjoji sun tsaya cik da jakunkuna a hannu.

2. An yaba gurbin da aka ba wakilin marasa addini tun 2018 a taron shekara-shekara da ake yi a Cenotaph, wato ginin tunawa da mamatan yaƙi da ke Landan.

3. Inda aka rabu: wasu 'yan'uwa Musulmi sun ce mamaci addu'a yake buƙata, tsayuwa shiru ba ta da asali a Sunna. Wasu suka ce mutunta maƙwabci ne, ba ibada ba. Ni dai na fi karkata ga ra'ayi na biyun.

4. Wanda bai gamsu ba ya ja gefe ba hayaniya, kuma kada a tsangwame shi don bai maƙala jan furen poppy, alamar tunawa da mamatan yaƙi, a ƙirji ba.