Kai yaro Fakieh Aquarium, gidan kallon kifaye, a Jidda

Maman Abba: Salam jama'a, daga Makka muke son sauka Jidda ran Juma'a mu kai Abba Fakieh Aquarium, shekarunsa 3, zai gane wani abu kuwa ko asarar riyal kawai zan yi?

Hajiya Babba: Kai shi 'yata, akwai hanyar gilashi da ake bi kifaye na wucewa ta saman kai har da shak, jikana mannewa ya yi da gilashin ya ƙi tafiya sai da muka ciccibe shi yana kuka.

Baban Hanifa: Wajen wasan dolfin ku zauna can sama Maman Abba, layin gaba ruwa na fantsamowa, ki riƙe masa kayan canji.

Hajiya Babba: Amma Juma'a cunkoso wallahi, in da hali ku bari sai tsakiyar mako.