Ƙarfen eriya kusa da filin jirgi: wa ya taɓa kafawa?

Salamu alaikum 'yan uwa. A Amurka nake, ina so in kafa ƙarfen eriya mai tsawon ƙafa 45 a bayan gida, ga filin jirgi nan kusa da mu. Na ji an ce sai ya haura ƙafa 200 ake sanar da hukuma. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

*

Wa alaikumus salam. Ƙanena, wannan ƙafa 200 ɗin ce ta kusa kai ni ta baro. Gaskiya ce, amma ga wanda ke nesa. In tsawon titin jirgin ya wuce ƙafa 3,200, to duk wanda ke cikin ƙafa 20,000 daga gare shi, ƙafa 1 ta tsawo ake ba shi a kan kowace ƙafa 100 ta nisa. Gidana ƙafa 5,000 ne daga titin, ka ga iyakata 50. Ƙarfena 40 ne, har na haƙa rami. Ashe daga matakin titin ake awo, ni kuwa a kan tudu nake, na ɗara shi da ƙafa 20. Sai ga ni a 60, na haura iyaka, dole in sanar. Na cike fom 7460-1 na FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, wanda ake miƙawa aƙalla kwana 45 kafin fara aiki. Suka amsa cewa babu haɗari, na kai takardar wajen FCC, hukumar sadarwa, aka yi rajista, na liƙa lambar a gindin ƙarfen. Ba su ce in sa fitila ba.

*

Malam ya faɗi gaskiya. Ni manhajar TOWAIR ta FCC, mai nuna ko ƙarfe na buƙatar rajista, na fara dubawa. Titin da ke kusa da ni gajere ne, can 1 bisa 50 ake lissafi, zuwa ƙafa 10,000. Na tsira da tazara mai yawa.

*

Ni hawa turakun nan ne sana'ata, kuma fitilar ce ke tsaya mini a rai. Na taɓa zuwa wani turke na tarar ta sama ta mutu, kwana nawa babu wanda ya kula. Ranar ban yi barci ba. Matuƙin da ke saukowa cikin dare ba ya ganin ƙarfe, jan hasken nan yake nema. In ta mutu ba a gyara cikin minti 30 ba, wajibi ne a kai rahoto don a gargaɗi matuƙa. Don Allah duk wanda aka ɗora wa fitila ya riƙa duba ta kullum.

*

Na gode, Allah ya saka da alheri. Ni ma a kan tudu nake, gobe zan fara da awon nisan.