Neman kalmar Hausa: birkin tirelar kwana da kamfanin Dexter, mai ƙera gatari da birkin tirela, ke kira Nev-R-Adjust

Mai fassara: Salamu alaikum malamai. Tirelar da nake nufi ita ce ƙaramin ɗakin kwana mai tayoyi da Amurkawa ke ja da mota, ba ta dakon kaya ba. Birkinta na dirom ne mai aiki da lantarki. Akwai wanda sai an saita shi da hannu, akwai wanda ba sai an taɓa ba. Na biyun nake nema wa suna. Na rubuta "birki mai gyara kansa". Ya yi?

Bakanike: Bai yi ba, Malam. Mai karatu zai ɗauka in ya lalace shi zai gyara kansa. Abu ɗaya kawai yake yi: in lainin ya cinye, tazara ta buɗe tsakaninsa da dirom, sai ya matso. In ka zare dirom za ka gane shi da ido. Akwai siririyar igiyar ƙarfe da ta sauko daga sama, ta bi gefen shu ɗaya (ƙarfen da lainin ke manne a kai), ta kama wani ɗan ƙarfe a ƙasa. Shi ke tura ajasta, wato 'yar ƙafar nan mai haƙora, haƙori ɗaya ɗaya. Na hannu ba igiya, sifirin ne kawai a kan ajasta, ta bayan farantin da birkin ke ɗaure a kai ake cire toshiyar roba a juya ta. Dexter sun ce a yi haka bayan mil 200 na farko, sannan duk mil 3,000. Ni "mai saita kansa" zan ce.

Mai aikin waya: "Birki otomatik" fa, Oga? Ya fi gajarta.

Bakanike: Zai rikice da ɗan akwatin cikin mota mai aika wuta zuwa maganaɗisun da ke cikin kowane dirom, wanda ke sa birkin ya ci.

Mai aikin waya: Gaskiya ne, na janye. Amma a rubuta cewa saitin ba ya maganin matsalar wuta. Kowane maganaɗisu yana jan kusan amfiya 3 a bolt 12. Tirela mai taya huɗu, kusan 12 ke nan. In mita ta nuna 9, ƙafa ɗaya ba ta ci, galibi waya ce ta tsinke ko at, wato inda waya ta kama jikin ƙarfe, ya yi tsatsa.

Mai sayar da kayan gyara: "Mai daidaita kansa" ta fi tsabtar Hausa, sai dai a gareji "saiti" ake cewa. Ku kuma lura, na hagu daban, na dama daban. In aka musanya, ba zai ci yadda ya kamata ba. Mai inci 10 na gatarin fam 3,500 ne, mai inci 12 na manya.

Bakanike: Sabon lainin ma sai an zaunar da shi: a taka sau 20 zuwa 30, daga gudun mil 40 a awa a sauko 20, ana barin ya huce. Duk shekara a buɗe. Haƙoran ajasta in sun yi tsatsa sun daina juyawa, sunan ya tashi a banza. Lainin da ya kai kashi ɗaya cikin 16 na inci a canza, haka wanda giris ɗin boris ya jiƙa, tare da sil ɗin da ya yoyo.

Mai fassara: Na gode. Na sa "birki mai saita kansa", ɗayan kuma "birkin saitin hannu". Saura ajasta, in bar ta haka ko in ce "tauraruwa"?