Ƙofar garejina ta yi nauyi, injin ne ko sifirin?

Baban Hanifa, Barnawa:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin ƙofar gareji ku taimaka min. Tawa irin mai ɗagawa sama ce da rimot, shekara 6 kenan da saka ta. Shekaranjiya da asuba zan fita aka ɗauke wuta, sai na ja igiyar nan ja mai raba ƙofar da injin na ce bari in ɗaga da hannu kamar yadda na saba, wallahi kamar buhun siminti biyu nake ɗauka, da ƙyar ni da maigadi muka kai ta sama, shi ya tsaya ya tallabe ta har na fitar da mota. Da can da hannu ɗaya nake ɗaga ta fa. Kwanan nan kuma injin na wani irin gurnani. Injin zan canza ko me?

Mai walda, Panteka:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka ɓata kuɗinka a inji. Mutane na ɗauka injin ne ke ɗaga ƙofa, alhali sifirin ne ke ɗauke da nauyin, injin ja kawai yake yi. Naka ya daɗe da gajiya, injin ne ke rufa masa asiri har ranar da wuta ta tona.

Ga gwaji. Ka rufe ƙofar ruf tukuna kafin ka ja igiyar, kar ka kuskura ka ja tana sama. Sai ka ɗaga ta zuwa ƙugunka ka ɗan sassauta hannu. In sifirin na da lafiya za ta tsaya cak a wurin, in ta zame ƙasa to ya saki. Sannan ka haska tocila a sandar ƙarfen da ke saman ƙofar daga ciki, wadda sifirin ke nannaɗe a jikinta. In ka ga ya rabu biyu da tazara kamar inci 2 a tsakani, ya riga ya tsinke. Duba wayoyin ƙarfen da ke jan ƙofar ta gefe ma, in ɗaya ta yi sako-sako ko ƙofar na tashi a karkace duk maganar ɗaya ce.

Yawancin sifirin nan an yi su ne su ɗauki buɗewa da rufewa kamar sau 10,000. In sau 4 ake yi a rana shekara 7 ma bai cika ba, balle gidan da ake kai yara boko a dawo a kai su islamiyya.

Maman Sadiq, Unguwar Rimi:
Namu sifirin da dare ya tsinke, wajen ƙarfe 2. Wani irin ƙara ne tas! kamar an harba bindiga, ka san halin Kaduna, duk muka kwanta a ƙasa, maigida har ya fara kiran maƙwabta. Sai da safe muka gane. Ranar a Keke yara suka je makaranta don mota ta maƙale a ciki. Kuma tun kafin nan ƙofar ta yi wata guda tana ƙiii ƙiii muna cewa sai an samu lokaci.

Ɗan Kawo:
Ni dai bakin mai nake zuba wa ta shagona, shikenan ta yi shiru.

Mai walda, Panteka:
Malam bakin mai da giris mai kauri ƙurar hunturu suke kamawa su zama kamar taɓo. Mai mara kauri na feshi ya fi, ka goge ƙurar kafin ka fesa, musamman bayan damina da tsatsa ke cin ƙarfe. Amma mai ƙara kawai yake kashewa, ba ya dawo wa sifirin da ƙarfinsa.

Baban Hanifa, Barnawa:
Na gwada yanzu. Ban ga tazara ba amma duk ya yi ja da tsatsa, ina sakin hannu ƙofar ta yi ƙasa da gudu saura kaɗan ta samu ƙafata. Sifirin guda biyu ne ashe. Ba zan iya ɗan ƙara ɗaure su da sifana ba?

Mai walda, Panteka:
Alhaji don girman Allah kar ka taɓa. A murɗe yake da ƙarfin da ke ɗaga ƙofar gaba ɗaya, kana kwance notin da ke riƙe da shi zai warware ya wurgo abin da ke hannunka, yana karya yatsu da haƙora. Akwai sandunan da ake murɗa shi da su, ba sukundireba ba. Ka kira mai aikin ya canza duka biyun tare tunda sa'annin juna ne, ya auna kaurin wayar sifirin da tsawon tsohon kafin ya sayo. Kafin nan ka kwana da motar a tsakar gida, ka cire fulogin injin, kuma a hana yara wasa a bakin ƙofar.