FcRn na ɗan Adam ya ƙi riƙe IgG a ELISA, ina matsalar take?

Hadiza:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawarar waɗanda suka saba aiki da FcRn, furotin ɗin nan da ke ɗauko IgG, wato antibodi (furotin na garkuwar jiki), daga jinin uwa ya tsallakar da shi ta mabiyiya zuwa ga ɗan tayi, kuma shi ne ke sa IgG ya daɗe a jini. Namu na ɗan Adam ne, an samar da shi a ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ake rainonsu a ɗakin gwaji (HEK293), sarƙar alfa tare da beta-2-mikroglobulin, da biyotin a wutsiyarsa. Ya zo a bushe, mikrogiram 100. Muna so mu kwatanta IgG1 na asali da wanda aka yi wa sauyin LS, wato M428L da N434S, irin sauyin da ke jikin CIS43LS da L9LS, antibodin zazzaɓin cizon sauro da aka gwada a Mali.

Ga tsarin ELISA ɗin, wato gwajin da ake yi a ramukan faranti a auna kamu da ƙarfin launi: an shimfiɗa FcRn a faranti, mikrogiram 2 a kowace mililita, cikin bafar kabonet (bafa ita ce ruwan da ke riƙe pH, wato ma'aunin tsami) pH 9.6, ya kwana a 4°C. An toshe da BSA (albumin na shanu) 1%. An zuba IgG daga 0.01 zuwa mikrogiram 10 a mililita cikin fosfet pH 6.0, an wanke sau biyar da PBS (ruwan gishiri mai fosfet) mai sabulun Tween, sannan antibodi na biyu, na zomo, mai HRP (enzayim ɗin da ke sa launi ya fito), da ke gane Fc (gindin IgG) na mutum. Alamar launin duka ramukan ta tsaya ƙasa, wajen 0.1. Da aka mayar da antibodi na biyu da wankin ƙarshe zuwa pH 6.0, sai duka suka tashi tare, har ramukan da ba a zuba musu IgG ba. Furotin ɗin ne ya lalace a hanya?

Dakta Sani:

Wa alaikumus salam Malama Hadiza. Ban ga alamar ya mutu ba, tashin da ramukan banza suka yi ma shaida ce cewa da ransa. FcRn na mutum yana kama IgG na zomo a pH 6.0, don haka antibodinki na biyu ne ya zauna a kansa ta Fc ɗinsa.

Babbar ɓarnar kuwa a wanki take. PBS na yau da kullum pH 7.4 ne, kuma a nan ne FcRn ke sakin IgG, aikinsa ke nan a jiki: ya kama a cikin endosom, 'yar jakar da ke cikin ƙwayar halitta, inda akwai tsami, ya saki a jini. Histidin biyu da ke jikin Fc, H310 da H435, sai a wajen pH 6 suke ɗaukar cajin da ke manna su da FcRn. Da an kai 7.4 cajin ya tafi, cikin daƙiƙu IgG ya rabu. Wanki biyar a 7.4 ya kwashe komai. Daga lokacin da IgG ya shiga rami har zuwa sa TMB (sinadarin da HRP ke mayarwa launi), ruwan tsarma, ruwan wanki da ruwan antibodi na biyu, duka su zama pH 6.0.

Kuma fosfet ba ya riƙe pH 6.0 da ƙarfi, domin pKa ɗinsa, wato pH ɗin da ya fi riƙewa, 7.2 ne. Idan IgG ɗinki yana cikin PBS ko Tris kuma kin zuba shi da yawa a ramukan farko, sai ya ja pH sama. Na fi son bafar MES, pKa ɗinsa wajen 6.1: giram 9.76 na MES mara ruwa a lita ɗaya ya ba ki milimola 50, ki ƙara giram 8.77 na NaCl da Tween 20 0.05%, ki daidaita da NaOH. Ki auna pH ɗin samfurin da ya fi kauri bayan haɗawa, ba na kwalbar bafa kawai ba.

Rabi:

Abin da Dakta ya faɗa haka yake, amma gyaran pH kaɗai ba zai wadatar ba, 'yar'uwa. Kamun FcRn da IgG1 na asali rarrauna ne ko a pH 6.0, KD ɗinsa (ma'aunin ƙarfin kamu, ƙarami ya fi ƙarfi) yana tsakanin rabin mikromola zuwa ɗaya, kuma yana rabuwa da sauri. Mikromola ɗaya na IgG mikrogiram 150 ne a mililita, ke kuma kin tsaya a 10. Dole ki sa a yi kamu da hannu da yawa. Hanya mafi sauƙi tunda naki na da biyotin: ki juya tsarin. Ki shimfiɗa IgG a faranti, ki haɗa FcRn da sitireftabidin (furotin mai gurabe huɗu na kama biyotin) mai HRP a gefe, mola huɗu na FcRn ga mola ɗaya na sitireftabidin, kina ƙara sitireftabidin kaɗan-kaɗan don kowanne ya cika guraben nan huɗu. Ki zuba haɗin a pH 6.0 na awa ɗaya, ki wanke sau uku da sauri, kada ki bar ruwan wanki ya jiƙa. Da haka ba ki buƙatar antibodi na biyu sam.

In kuma kin fi son FcRn ya kasance a ƙasa, kada ki shimfiɗa shi kai tsaye a roba cikin kabonet. Sarƙoƙin biyu ba a ɗaure suke da juna ba, manne suke kawai, kuma sarƙar alfa ba ta tsayawa daidai in beta-2-mikroglobulin ya fice. Ki yi amfani da faranti mai sitireftabidin ya kama shi ta wutsiya. Mai ganowa kuma ya zama guntun F(ab')2 (antibodin da aka cire wa Fc) da ke gane sarƙar kappa ko Fab (hannun IgG), ba mai gane Fc ba. FcRn yana zama a mahaɗar CH2 da CH3, sassa biyu na Fc, wurin da antibodi masu gane Fc ma za su iya nema. Furotin A da furotin G, na bakteriya masu kama IgG, ma nan suke kamawa, shi ya sa ba a ganowa da su a wannan aiki.

Maganar toshewa: FcRn yana kama albumin ma a pH mai tsami, a wani gurbi dabam. Ni dai ba na sa BSA. Madarar gari kuma akwai biyotin a cikinta, za ta cike miki sitireftabidin. Jelatin na kifi 0.5% da Tween ya isa.

Malam Ibrahim:

Malama, kafin ki sake kashe wani faranti ki duba furotin ɗin a jel mai rarraba furotin bisa girma. Mikrogiram ɗaya ko biyu sun isa, amma jel ɗin ya zama 15% ko mai hawa 4 zuwa 20%. Layi biyu za ki gani: sarƙar alfa sama da kilodalton 30 kaɗan, da beta-2-mikroglobulin wajen 12. A jel 10% ƙaramin yana gudu tare da launin gaba, sai mutum ya ɗauka babu shi. Wajen narkarwa, a fara juya kwalbar a santirifuj don garin ya sauka, a zuba ruwan da takardarsa ta faɗa, a bar shi rabin awa, ba a sa shi a na'urar girgizawa. A raba shi ƙananan kaso a bututu marasa riƙe furotin, a ajiye a −80°C. Firizar da wuta ke ɗaukewa tana dawowa tana narkar da shi tana sake daskarar da shi ba tare da kowa ya buɗe ta ba, wannan kuwa shi ke sa shi dunƙulewa.

Ki duba IgG ɗin ma, domin can ne aka fi samun sakamakon ƙarya. Wanda aka fitar daga furotin A da ruwa mai tsami sosai yakan zo da dunƙulallu, kuma dunƙulalle ɗaya na kamawa da ƙarfi fiye da sake-saken da yawa. In na asalin ya fi na LS dunƙulewa, bambancin zai ɓace. Ki tace su ta SEC, hanyar rarrabewa bisa girma, ki ɗauki na ɗaiɗaiku. Haka nan methiyonin 252 da 428 in suka sha iska ko haske, kamun yana raguwa.

Ramukan tabbatarwa guda uku kada su fita daga kowane faranti: IgG mai sauyin I253A, H310A da H435A, wanda ba ya kamawa, IgG1 na ɓera, wanda FcRn na mutum ba ya riƙewa, da jeri guda da za a wanke da gangan a 7.4.

Hadiza:

Allah Ya saka da alheri. Tambaya biyu: faranti ɗaya a tsarin farko yana cin mikrogiram 19.2, ta yaya za a rage? Kuma wane bambanci ya kamata in gani tsakanin LS da na asali?

Dakta Sani:

Tsarin Malama Rabi na juyawa shi ya fi tattali. Ki fara da rabin mikrogiram na FcRn a mililita, mikrolita 50 a rami, a faranti mai ƙananan ramuka: mikrogiram 2.4 ke nan ga ramuka 96. Ki gwada a jeri biyu tukuna, ki hau zuwa mikrogiram ɗaya in alamar ta yi rauni.

LS yana ƙara ƙarfin kamu kusan ninki goma a pH 6.0, amma kada ki sa ran ELISA ta ba ki wannan adadi daidai, domin kamu da hannu huɗu yana matse tazarar, musamman in IgG ya cika faranti. Ki shimfiɗa IgG a matakai, daga mikrogiram 5 zuwa 0.05 a mililita. A na ƙasa ne bambancin zai fito fili. Lambar da ELISA ta ba ki EC50 ce, wato adadin da ya ba da rabin alama, kada a rubuta ta a matsayin KD. In ana son KD sai SPR, na'urar da ke auna kamu kai tsaye a kan wani ɗan guntu: a kama IgG kaɗan a guntun ta Fab ɗinsa, FcRn ya gudana a kai shi ɗaya-ɗaya har zuwa mikromola 5 ko 10, a wanke tsakani da bafa pH 7.4 zuwa 8.0.

Jerin 7.4 ɗin da Malam Ibrahim ya ambata ki ba shi muhimmanci daidai da na 6.0. Antibodin da ya kama da ƙarfi a tsami amma ya ƙi saki a 7.4 ba ya daɗewa a jini, an ga sauye-sauyen da suka gajarta rayuwar IgG saboda haka. Don haka ki kawo duka alamu biyun ga kowane samfur, a faranti ɗaya, a rana ɗaya.